Wasiƙa daga Jidda: takardar da ba a aiko ba



'Yan uwa da abokan arziki, bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kowa yana lafiya, ya iyali, ya kuma haƙuri da mu. Ku yi mini afuwa, na kwana biyu ban rubuto ba. Wannan karon ba daga Ingila nake rubutu ba, daga Jidda ne. Malamin da ke duba aikina ya ba ni hutun mako biyu, na zo Umra, alhamdu lillahi an yi lafiya, kuma duk wanda ya ba ni saƙon addu'a na isar. Yanzu ina gidan Kawu, wanda kuka san ya haura shekara talatin a garin nan, ana ta ɗura mini shinkafa da naman rago kamar za a kai ni kasuwa.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan gardama ce da ta ɓarke tsakanina da Kawu. Shekaranjiya da yamma mun fita, 'yarsa ce ke tuƙi, muka bi ta unguwar Rauda. Sai Kawu ya nuna mini wani dogon gini da baki, ya ce, "Ɗana, ka ga asibitin can? Nan Najeriya ta kwanta wata uku." Asibitin Ƙwararru na Sarki Faisal ke nan, inda aka kwantar da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, Allah Ya jiƙansa. Da muka dawo gida muka zauna shan shayi, sai ya ɗora. Ya ce duk wahalar ƙasarmu takarda ce, mun tara kundi mai kauri kamar matashin kai, in za a canza harafi ɗaya sai an shekara ana taro ana cin kuɗi, alhali a nan sarki zai sa hannu da dare, gari ya waye an gama. Ana cikin haka Yaya ya bugo waya daga Kano, Kawu ya sa shi a maganar, shi kuma ya ce ai kundin 1999 na soja ne, a jefa shi a kwandon shara kawai a sake sabo. Su biyu suka taru a kaina. Ba a musu da babba a gabansa, ga shi kuma shayinsa nake sha, sai na ce zan ba da amsa a rubuce. To ga ta nan, Kawu, kuma a yi mini haƙuri in na yi tsawo.

Bari in fara tuna mana abin da ya faru, don yaran gidanmu da yawa ba su yi wayo ba a lokacin. Ranar 23 ga Nuwamba 2009 Shugaba 'Yar'aduwa ya bar Abuja zuwa Jidda, likitansa ya ce kumburin fatar da ke lulluɓe da zuciya ne. Kwana biyu bayan isowarsa aka yi ambaliyar nan ta Jidda da ta ci mutum sama da ɗari ana tsakiyar aikin Hajji, Kawu har yanzu yana nuna inda ruwa ya kai a jikin bango. Shugaban ya tafi bai aika wa Majalisar Dokoki ta Ƙasa takardar cewa ya miƙa mulki ga mataimakinsa, Goodluck Jonathan, ba. Sashe na 145 na kundin, yadda yake a wancan lokacin, cewa ya yi duk lokacin da shugaba ya aika irin wannan takarda ga Shugaban Majalisar Dattawa da Kakakin Majalisar Wakilai, mataimaki zai zama muƙaddashi. Bai ce dole ne ya aika ba, bai kuma faɗi abin da za a yi in bai aika ba. Waɗanda suka rubuta sashen sun ɗauka kowa zai yi abin da ya kamata, ba su yi tunanin ranar da mai aikawar ba zai iya riƙe alƙalami ba, ko kuma na kusa da shi ba za su so ya riƙe ba.

Akwai wata ƙofar, sashe na 144, wanda ya ba Majalisar Zartarwa ikon cewa shugaba ya gaza, in kashi biyu cikin uku na 'yan majalisar suka amince, sannan kwamitin likitoci biyar ya tabbatar. Amma su wa ke cikin Majalisar Zartarwa? Ministocin da shi shugaban ya naɗa. Wa zai sare reshen da yake zaune a kai? A ƙarshen Janairun 2010 suka zauna suka ce lafiyarsa ta isa ya ci gaba da mulki, alhali ƙasa ba ta sa shi a ido ba tun watan Nuwamba. Marigayiya Dora Akunyili ce ta yi ta maza daga baya, ta kai takarda tana neman a faɗa wa jama'a gaskiya.

A tsakanin nan abubuwa suka yi ta faruwa babu mai ikon sa hannu. Wa'adin Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya zo ƙarshe, babu shugaban da zai rantsar da magajinsa, sai shi da kansa ya rantsar da Aloysius Katsina-Alu ranar 30 ga Disamba 2009. Rikici ya tashi a Jos a watan Janairu. Wole Soyinka da wasu suka yi zanga-zanga a Abuja. Ranar 12 ga Janairu aka ji muryar shugaban a BBC ta wayar tarho, murya a raunane, yana cewa yana samun sauƙi. Na tuna Baba ya kanga rediyo a kunne, da aka gama bai ce komai ba, sai ya tashi ya yi alwala. Wannan hirar ce Majalisar Dattawa ƙarƙashin David Mark ta riƙe ranar 9 ga Fabrairu 2010, ta ce tunda ya faɗa wa duniya da bakinsa yana jinya, to a ɗauka kamar ya aiko takardar, aka kira abin ƙa'idar lalura, aka mai da Jonathan muƙaddashi. Kwana 78 ke nan da tafiyarsa. Wato dai irin abin da malaman fiƙihu ke cewa lalura tana halatta abin da aka hana, sai dai babu inda kundinmu ya ambaci wannan ƙa'ida. Hirar rediyo ta zama wasiƙar shugaban ƙasa. An dawo da shi Abuja cikin dare ranar 24 ga Fabrairu, Allah Ya karɓi abinsa ranar 5 ga Mayu 2010.

Daga nan ne aka yi wa kundin gyaran farko. Sabon sashe na 145 ya wajabta wa shugaba aika takardar, in kuma kwana 21 suka wuce bai aika ba, majalisun biyu za su iya mai da mataimaki muƙaddashi da ƙaramin rinjaye. Haka aka yi wa sashe na 190 game da gwamnoni. Shi ma gyaran sai da aka je kotu a kansa, lauya Olisa Agbakoba ya kai ƙara cewa ba zai yi aiki ba sai shugaban ƙasa ya sa hannu, kotu ta yarda da shi, Jonathan ya sa hannu a Janairun 2011. Kun ga amfaninsa a 2017, lokacin da marigayi Shugaba Buhari ya yi doguwar jinya a Landan har sau biyu, ta biyun ta haura kwana ɗari. An yi surutu, an yi jita-jita, amma kowa ya san Osinbajo ne ke sa hannu.

To yanzu mu zo ga kundin ƙasar da Kawu yake yabo, don ni ma na karanta shi, kuma ba ya ɗaukar fiye da zama ɗaya. A nan ba sa kiransa dusturi, sunansa Nizamul Asasi lil Hukum, wato tushen tsarin mulki, domin sashensa na farko ya ce Alƙur'ani da Sunna su ne dusturin ƙasar. Sarki Fahad ne ya fitar da shi ranar 1 ga Maris 1992, tare da dokar Majalisar Shura da dokar larduna. Babi 9 ne, sashe 83. Namu babi 8 ne, sashe 320, ga jadawali 7 a bayansa. Alkawarin rubuta shi tun 1962 Faisal ya yi, lokacin yana Yarima mai jiran gado, sai bayan shekara talatin, bayan yaƙin Kuwait da koke-koken da malamai da 'yan boko suka rubuta wa sarki, sannan aka cika. Don haka su ma ba kullum ne gari ke wayewa an gama ba.

Jiya na zaga tsohon gari, Balad, na tsaya a ƙofar Gidan Nasif inda Sarki Abdul'aziz ya sauka bayan Jidda ta miƙa wuya a Disambar 1925. Abin da da yawa ba su sani ba shi ne, a garin nan ne a 1924 manyan Hijaz suka taru suka nemi Sharif Husaini ya sauka, aka naɗa ɗansa Ali bisa sharaɗin zai yi sarauta mai tsarin mulki. Abin bai wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba. A 1926 Abdul'aziz ya fitar wa Hijaz nata ƙa'idojin mulki a rubuce. Maganar kundi dai tsohuwa ce a Jidda.

Inda na sara wa Kawu shi ne nan. Ramin da muka faɗa a 2009, su sun riga sun cike nasu. Sashe na 66 na kundinsu ya ce in sarki zai fita ƙasar waje, zai fitar da umarni ya wakilta Yarima mai jiran gado. A Nuwambar 2010 da Sarki Abdullahi zai tafi Amurka aikin baya, sai da Yarima Sultan ya dawo daga Maroko aka damƙa masa ƙasa. Su ma kuwa sun taɓa ɗanɗana irin tamu. Sarki Fahad ya samu shanyewar jiki a ƙarshen 1995, ya miƙa wa Abdullahi al'amura a farkon 1996, ya karɓa bayan 'yan makonni, amma a zahiri Abdullahi ne ya ci gaba da tafiyar da ƙasa har Fahad ya rasu a 2005. Da Abdullahi ya hau, a Oktobar 2006 ya gyara sashe na 5, ya kafa Majalisar Mubaya'a ta 'ya'ya da jikokin Sarki Abdul'aziz, aka ba ta hannu a zaɓen Yarima, aka kuma tanadi kwamitin likitoci da zai duba in sarki ya gaza, da majalisar riƙo ta mutum biyar in sarki da Yarima duk suka gaza. Shekara uku kafin jirgin 'Yar'aduwa ya sauka a Jidda, masu masaukinsa sun riga sun rubuta amsar tambayar da ta kusa kifar da mu.

Haka kuma Majalisar Shura. Ta fara da mutum 60, ta koma 90 a 1997, 120 a 2001, 150 a 2005. A Janairun 2013 Sarki Abdullahi ya gyara dokarta, ya ce kada mata su gaza kashi 20 cikin ɗari, ya naɗa mata 30 a rana ɗaya. Mu kuwa ranar 1 ga Maris 2022 Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta yi watsi da ƙudurorin da suka shafi mata, zaɓen 2023 ya kai mata uku kacal Majalisar Dattawa mai kujera 109, sai daga baya kotu ta ƙara ɗaya. 'Yar Kawu ce ta jefo mini wannan tana dariya, ban kuwa sami abin cewa ba.

Me ya sa namu yake da nauyi haka? Sashe na 9 ne. Kafin a taɓa kowane sashe, sai kashi biyu cikin uku na dukan 'yan Majalisar Dattawa sun yarda, haka na Majalisar Wakilai, sannan majalisun dokokin jihohi 24 cikin 36 su amince. In kuwa abin ya shafi babi na 4 na haƙƙin ɗan Adam, ko sashe na 8 na ƙirƙiro jihohi, ko shi kansa sashe na 9, sai kashi huɗu cikin biyar a Abuja. Matsalar ita ce mun cusa ƙananan abubuwa da yawa a cikin kundin, duk kuma wannan doguwar hanya za su bi. Sunayen ƙananan hukumomi 774 duk suna ciki, 44 na Kano, 34 na Katsina, 23 na Sakkwato. Da mutanen Kunchi a jihar Kano suka so a canza sunan ƙaramar hukumarsu zuwa Ghari, kun dai san abin da tsohon sunan ke tuna wa mutum, sai da maganar ta zaga majalisun jihohin ƙasar nan, har da waɗanda ba su san ta ina ake bi a je Kunchi ba, sannan Buhari ya sa hannu a Maris 2023 cikin gyara na biyar. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 da dokar yi wa ƙasa hidima su ma an ɗaure su a jikin kundin ta sashe na 315. Babi na 2 kuwa, mai maganar ilimi kyauta da kula da lafiya da walwalar talaka, sashe na 6 ya hana kotu tilasta wa gwamnati shi. Wato abin da ya kamata ya zama mai sauƙin canzawa an sa masa kwaɗo, abin da ya kamata ya zama dole an bar shi a matsayin fatan alheri.

Yaya ma yana da gaskiyarsa. Kundin ya buɗe da cewa mu al'ummar Najeriya ne muka yi wa kanmu shi, alhali dokar soja ce mai lamba 24 ta 1999, wadda gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ta fitar bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya zaga ƙasa cikin gaggawa, aka kwafo mafi yawansa daga na 1979. An yi zaɓen 1999 'yan takara ba su ga kundin da za su rantse da shi ba.

Duk da haka ban yarda da ku ba, daga Kawu har Yaya, kuma dalilina kalma ɗaya ce da kowane Bahaushe ya sani: tazarce.

A 2006 an kawo ƙudurin gyara sama da ɗari a dunƙule, a cikinsu aka ɓoye wanda zai ba Shugaba Obasanjo damar wa'adi na uku. Gwamnati na da jam'iyya mai rinjaye, tana da kuɗi, tana da gwamnoni da dama. Abin da ba ta samu ba shi ne kashi biyu cikin uku. An nuna muhawarar kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen garinsu na kallonsa, ranar 16 ga Mayu 2006 Ken Nnamani ya buga guduma, ƙudurin ya mutu. Wannan kwaɗon da ya wahalar da mutanen Kunchi shi ne ya hana mutum ɗaya zarcewa. Da a ce gyaran kundinmu sa hannun dare ɗaya ne, Kawu, wa kake jin zai riƙa sa hannun? Ba wani sarki adali da muke zanawa a zuciyarmu ba ne, wanda ke kan kujera a ranar ne, ko muna sonsa ko ba ma so.

Mu leƙa maƙwabta, wurin dangin Inna a Maraɗi. Kundin Nijar na 1999 ya fi namu tsauri a wannan batu, don ya ce wa'adi biyu ne, ya kuma hana a taɓa wannan sashen ko ta wace hanya. Da marigayi Tandja Mamadou ya so zarcewa a 2009, sai ya bi shawarar Yaya, ya ce ba gyara zai yi ba, sabo fil zai kawo. Ya rushe majalisa a watan Mayu, ya rushe kotun tsarin mulki a watan Yuni bayan ta ce masa a'a, ya yi ƙuri'ar raba gardama ranar 4 ga Agusta, ya ƙara wa kansa shekara uku. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Salou Djibo suka ɗauke shi daga fada. Ku duba kwanan watan: kwana tara tsakaninsa da ranar da majalisarmu ta yi ƙa'idar lalura. Ƙasashe biyu, wata ɗaya, kowace kundinta ya shiga matsi. Ɗaya ta lanƙwasa nata da dabara mai kama da wasa, daga baya ta ɗinke ɓarakar, ɗaya ta yaga nata, soja suka shigo. Kundin da Nijar ta sake rubutawa a 2010 shi ma juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya dakatar da shi. Ba ina yi wa 'yan uwanmu dariya ba ne, mu ma mun yi ta yagawa daga 1966 har 1999, mun san ɗacinsa. Tambayar da nake yi wa Yaya ita ce, in an zubar da na 1999, wa zai rubuta sabon, wa zai zaɓi masu rubutawar? An yi babban taron ƙasa a 2014, wakilai 492, Kutigi na shugabanta, aka yi watanni, rahoton yana can a ajiye.

Komawa ga masu masaukina, kuma zan taka a hankali don baƙo ne ni, ƙasarsu ce, tsarinsu ne, sun kuma karɓi dubban mutanenmu shekara da shekaru. Sashe na 83, na ƙarshe a kundinsu, ya ce ba a gyara shi sai ta hanyar da aka fitar da shi, wato umarnin sarki. Sashe na 44 ya ce sarki ne makomar dukan hukumomi uku, na shari'a da na zartarwa da na tsara dokoki. 'Yan Shura sarki ke naɗa su, shawara suke bayarwa. Don haka hannun da ya rubuta shi ne ke gogewa. A Afrilun 2015 aka sauke Yarima Muƙrin, a Yunin 2017 aka sauke Muhammad bin Nayif aka naɗa Muhammad bin Salman, a ranar kuma aka sake gyara sashe na 5, aka ce bayan 'ya'yan Abdul'aziz, sarki da Yarima ba za su fito daga tsatso ɗaya ba. Sashe na 56 ya ce sarki ne shugaban majalisar ministoci, amma a Satumbar 2022 aka fitar da umarni cewa Yarima ne Firaminista, a matsayin togaciya ga sashen. Ko gyara ba a yi ba, togewa aka yi. Wannan yana tafiya a nan saboda gida ɗaya ne ke mulki tun kafuwar ƙasar a 1932, ga arzikin mai, ga mubaya'a da jama'a suka saba da ita. Mu fa? Ƙabilu sama da 250, manyan addinai biyu, kowane yanki na zargin ɗan uwansa. Ranar da mutum ɗaya ya sami ikon toge sashe da alƙalaminsa a Najeriya, rabin ƙasa ba za su yi barci ba, kuma ba mu san ko mu ne rabin ba.

Shi kansa Kawu ya san saurin nan kaifi biyu gare shi. A Yulin 2017 aka fara karɓar kuɗi a kan kowane mutum da baƙo ke riƙe da shi a iƙamarsa, riyal 100 a wata, yana hawa har ya kai 400 a 2020. Dalilin da ya sa Goggo da ƙananan yara suka koma gida ke nan. Daga ƙarshen 2021 zuwa 2022 aka rushe tsofaffin unguwanni da dama a Jidda, irin su Gulail da Sabil da Kandara, inda mutanenmu suka daɗe da zama, shi ma ya tashi ya nemi haya a wani wuri. Bai yi ƙorafi ba, ya ce mai gida ya fi baƙo sanin inda zai sa gadonsa. Haka ne. Amma a gida ba baƙi ba ne mu, kuma abin da nake so shi ne tsarin da za a ce dole sai an tambaye mu, ko da tambayar za ta ci shekara.

Inda ciwon namu yake, a ganina, ba a lambar 24 ba ne, a hannun da ke riƙe da majalisun 24 ɗin ne. An sa jihohi a sashe na 9 don jama'ar kowane yanki su sami baki, sai abin ya koma gwamnoni 36 ne ke da bakin. A gyaran 2010 an miƙa wa majalisun jihohi damar cin gashin kansu ta fuskar kuɗi, suka ƙi amincewa da 'yancin kansu, sai a 2018 abin ya shiga kundi. 'Yancin kuɗin ƙananan hukumomi kuwa ya sha wuce Abuja ya je ya mutu a jihohi, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli 2024 cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Abin da gwamnoni ke so yana wucewa: a 2023 an sauko da wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen yari zuwa jerin abubuwan da jiha ma za ta iya yi wa doka. Abin da jama'a suka tsaya a kai da gaske shi ma yakan wuce. Matasan da suka yi fafutukar rage shekarun takara sun bi majalisun jihohi ɗaya bayan ɗaya, ranar 31 ga Mayu 2018 aka sa hannu, shugaban ƙasa ya sauko daga shekara 40 zuwa 35, ɗan majalisar wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25. Ƙofar tana da nauyi, amma an ga waɗanda suka tura ta ta buɗe.

Na tambayi waɗanda ke zaune a falon Kawu daren nan, mu bakwai, wa ya san sunan ɗan majalisar jiha mai wakiltar mazaɓarmu. Babu ko ɗaya, har da ni mai karatun abin. Kowa ya san sanata, kowa ya san gwamna. Alhali wannan mutumin da ba mu sani ba, ƙuri'arsa na cikin waɗanda za su yanke ko za a yi 'yan sandan jiha, ko za a ware wa mata kujeru, batutuwan da Majalisa ta goma ta zaga shiyyoyi tana jin ra'ayi a kansu a 2025. Har da abin da ya shafe ni da Kawu kai tsaye: ƙudurin ba 'yan Najeriya mazauna waje damar zaɓe yana cikin waɗanda aka kayar a Maris 2022. Kawu ya shekara talatin yana aika kuɗi gida, ya gina masallaci, ya biya wa yara makaranta, bai taɓa jefa ƙuri'a daga nan ba, 'ya'yansa da aka haifa a Jidda kuwa ba su taɓa ganin akwatin zaɓe ba. Da na faɗa masa haka sai ya yi shiru, can ya ce in nemo masa sunan ɗan majalisar da lambar ofishinsa. Yaya, wannan aikin naka ne, kai ke gida.

Na karanta wa Kawu rabin wasiƙar nan kafin in sa ta. Ya ce na iya magana, amma har yanzu titin Jidda ya fi na Kano kyau. Na ce wannan gaskiya ne, Allah Ya ƙara girma. Mun tsaya a nan.

Jibi in sha Allahu zan koma, babi na uku na jirana, ga sanyi an ce ya sauka. Na ba wani ɗan garinmu da zai sauka Kano ranar Asabar dabino da zamzam da turaren Inna, a je a karɓa a raba, kada a manta da gidan Baffa. A gaida Baba da jiki, a gaida yara duka.

Wassalam.

Naku,
daga Jidda.